Garken da Ya Koma Agogo

Ba zan tsaya ba ku labarin kukan da aka yi ranar da na bar Kebbe ba. An yi kuka, an gama. Abin da ya kamata ku sani shi ne sunana Luba, na gama sakandare a Tambuwal, ina son shiga makarantar ungozoma, kuma tun rasuwar Babanmu babu mai biya mini. Wata mata da muke ce wa Anti ta ce akwai aikin ƙunshi a Dubai, shagon gyaran amare, shekara biyu. Hannuna ya iya lalle. Na ce shekara biyu ba mutuwa ba ce. In tara, in dawo, in yi karatuna.

Zangon farko Addis Ababa. Jirgin da za mu canza ya tafi ya bar mu, muka wuni a kan benci kamar kayan da aka manta. Na sayi ruwan gora ɗaya, da na mayar da kuɗinsa naira a kaina sai na kasa sha. Wata 'yar Habasha mai shara ta ga ina juya gorar ina hararar ta, ta yi dariya, ta ja hannuna ta nuna mini famfon da ake sha kyauta kusa da wurin salla. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ita ce mutum ta farko da ta yi mini alheri a ƙasar waje, kuma na daɗe kafin in ga ta biyu.

A Dubai wani ejan ya tarbe mu, ya karɓe fasfo ɗinmu wai don kada su ɓace. Ya kai mu wani ɗaki mai gadaje hawa-hawa, cike da mata daga Uganda, Saliyo, Kamaru. Na ajiye jakata na tambaya ina shagon amare. Wata 'yar Kamaru mai jin Hausa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke lalle aka ce miki? Ni kitso aka ce mini. Nemi gado ki zauna, 'yar uwa."

Aikatau ne. An kai ni gida mai hawa uku, ni kaɗai ke shara, wanki, guga, da rainon yara huɗu da ba su san a ce musu bari ba. Uwar gidan tana kulle firji da makulli. Kyanwarta kuwa tana da nata abinci na gwangwani, mai hoton kifi a jiki. Na yi wata huɗu ina haɗiye magana, ni da a makaranta ko shugabar ɗalibai ba ta taka ni. Rannan ta miƙo mini ragowar shinkafar yara, na ce mata da Turancin da nake da shi, kyanwarki ta fi ni cin nama a gidan nan. Washegari direba ya mayar da ni wurin ejan kamar rigar da ba ta yi wa mai ita daidai ba.

Na koma ɗakin gadaje. Can ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba. Ƙarar Inna tana dama fura, ludayi yana bugun ƙwarya. Warin garke da safe. Har hanyar Kebbe da nake zagi kullum, wadda ke sa mutum ya sauka daga babur ƙugunsa kamar ba nasa ba, ita ma sai da na yi kewarta.

Wata Juma'a aka aike ni sayen burodi, wani mai babur ɗin kai saƙo ya kusa take ni. Bakina ya riga ni.

"Kai ɗan banza, mi kaka yi da idanunka?"

Sai na ji murya a bayana. "Ke ɗiyar wa ta a Sakkwato?"

Tsohuwa ce, lulluɓe irin na Sudan, da kulolin abinci a hannu. Hajja Batul. Kakanninta sun bar ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, suka tsaya Sudan, can aka haife ta. Tana sayar wa ma'aikata abinci a kasuwar zinariya. Ta kai ni ɗakinta, ta zuba mini tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Ina kai lomar farko hawaye suka zubo.

"Ki ci tukuna, zai huce," in ji ta. "Kukan kya yi daga baya."

Ita ta haɗa ni da Haji Karim, wani dattijo ɗan Indiya mai shagon agogunan hannu, yawanci waɗanda aka taɓa sawa. Yana neman mai shara, goge gilas da dafa shayi. Shi ya je ya karɓo fasfona wurin ejan, ya gyara takarduna, ya miƙo mini fasfon a hannuna ya ce in riƙe abina. Na tsaya ina jiran in ji sharaɗin da ke bayan haka. Babu.

Makon farko wani mutum ya shigo da gajeren wando da silifas, irin wanda a Tambuwal ba za a ba shi kujera ba. Ya gwada agogo ɗaya, ya miƙa kati. Ina tsaye da faranti na hango lambar da ta fito a na'ura. Na lissafa a waya. Na goge, na sake. Na ɗauka na ƙara sifili ne. Yana fita na tare Haji Karim. Da Turanci muke magana, nawa a gurguje, nasa a karkace.

"Haji, zinariya ce a ciki?"

"Ƙarfe ne."

"Yana nuna alƙibla? Yana kiran salla?"

"Lokaci kawai yake nunawa."

"To batirinsa na shekara nawa ne?"

"Ba shi da batir. Motsin hannu ke tafiyar da shi. In an ajiye shi kwana biyu ko uku, tsayawa yake yi."

"Amma dai ya fi waya faɗin lokaci daidai?"

"A'a. Wayarki ta fi shi."

Innalillahi. Na ajiye farantin don kada ya faɗi. Kuɗin gida ne sukutum a Tambuwal, har da rijiya, mutum ya ɗaura a hannu ya fita da silifas. Haji Karim ya ce wasu ma ba don sawa suke saye ba, ajiyewa suke yi sai ya yi tsada su sayar. Lokacin kuwa kasuwar ta haukace. Ina ganin mutum ya saya, bayan 'yan watanni ya dawo da shi ya tafi da ƙari.

Duk Juma'a ina kiran gida ta wayar Baffa Dikko, ƙanen Babanmu, wanda ke riƙe da gidan, don Inna ba ta da waya. Na ba su labarin nan a matsayin labarin mahaukata. Inna ta yi ta salati. Sai Baffa ya karɓi wayar.

"Ke Luba. Abin ga bai ci, bai sha?"

"Bai ci, Baffa. Agogo na."

"Ba a kai shi kiwo."

"Wa ka kai agogo kiwo?"

"Kuma kuɗinai hawa sukai."

Na gane inda ya dosa. Shekarar da ta wuce ɓarayin daji sun kore fiye da rabin garkenmu daga bayan gari. Shanu goma sha uku suka rage, uku a ciki na Inna ne, gadon mahaifinta. Da nononsu take fura tana sayarwa, da shi take cin abinci ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. Baffa kuwa tun ranar bai sake barcin kirki ba.

"Baffa, agogo bai haifuwa," na ce. "Bai ba da nono. Bai ba da taki."

"Waɗanda anka kora, maruƙa nawa sunka haifa miki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na gaji, Luba. Kare shi yi haushi in tashi, iska shi kaɗa kara in tashi. Dukiyar da nika sawa aljihu in gudu da ita, ita nika so."

Na kai wa Haji Karim maganar, cewa Baffa na son sayar da shanun ya sayi agogo. Ban gama ba ya fara girgiza kai.

"Ki ce masa kada ya yi. Masu sayen wannan, in ya faɗa teku yau, gobe za su ci abincin rana kamar kullum. Ranar da kuka saya, ni na ci riba. Ranar da za ku sayar, ni zan sake ci. Ku kuna tsakiya kuna jiran kasuwa. Kaɗan ne ke hawa, yawancinsu sauka suke yi. Wanda ya hau ɗin ma ba ya aiko da sanarwa ranar da zai faɗo."

Mai shago ke nan, yana korar ciniki. Na mayar wa Baffa kalma bayan kalma. Ya ce mai shago ba ya son baƙar fata ya ci irin arzikinsa ne. Na ce a ba ni Inna.

"Ki yi abin da Baffanki yac ce," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "An riga an kai shanun kara."

"Har da naki?"

"Garke guda na, ɗiyata."

Na tsaya a bayan shago da waya a kunne. Ba wanda ya tambaye ta. An kaɗa su gaba ɗaya ne kawai.

Kuɗin suka zo ta hannun Alhaji Nasiru, wani ɗan kasuwar atamfa na Sakkwato da ke yawan zuwa Dubai. Haji Karim ya ga ba makawa, ya zaɓo mana wanda ya fi saurin fita in an tashi sayarwa, na ƙarfe mai baƙar fuska, ya rage ribarsa. Ya sa mini shi a tafin hannu. Bai kai nauyin albasa ɗaya ba. Farar saniyar Inna mai babban tozo, wadda ke bin ta har ƙofar ɗaki, tana cikin abin nan.

Na jera wa Baffa dokoki sau uku. Kada a sa shi. Kada a wanke shi. Kada a goge shi da toka. Kada a buɗe cikinsa. A bar shi cikin akwatinsa. Ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne. Alhaji Nasiru ya tafi da shi.

Ba a yi wata shida ba kasuwa ta juya. Mutanen da ke shigowa da dariya suka koma shigowa da akwatuna da fuska a ɗaure, kowa na son sayarwa, ba mai son saye. Duk Juma'a tambayar Baffa ɗaya ce.

"Ya hau?"

"Baffa, ba gero na ba. Bai da bazara, bai da kaka."

Inna kuwa ta koma sayen nono hannun wasu tana dama fura, abin da ke rage mata bai kai na sabulu ba. Ba ta taɓa faɗa mini ba. A bidiyo na gani, wuyanta ya fito, ɗankwalin ya yi mata yawa.

Da damina ta gabato Baffa ya sauko. Ba shanun huɗa, na haya sun yi tsada, kuma a majalisa an fara tambayarsa ko garken nasa ya sha ruwa yau. Ya ce a sayar. Haji Karim ya duba kasuwa ya ce in agogon ya dawo yadda ya tafi, za a iya samun kuɗin shanu tara, wataƙila goma. Asara ce, amma na Inna za su fita. Ni ma shekara biyuna sun kusa cika. Kuɗin makaranta sun haɗu, na sayi jaka, na sayo wa Inna abaya da turare.

Alhaji Nasiru ya kawo agogon naɗe cikin ƙyalle uku, yana ƙamshin adakar Baffa. Akwatin lafiya lau. Haji Karim ya sa farar safar hannu, ya maƙala ɗan madubinsa a ido. Ya duba fuskar, ya gyaɗa kai. Ya kaɗa shi a hankali, ya kai kunne, ya yi murmushi. Sai ya juya bayansa.

Ya cire madubin, ya goge, ya mayar.

"Luba. Zo. Mene ne wannan?"

Ban buƙaci madubi ba. Zane uku a tsaye, da baka a ƙarƙashinsu. Shaidar gidanmu. Ita ce a cinyar kowace saniya tamu, ita ce a buhunan geronmu, a ƙotar garmar Baffa, har a gindin ƙoren gidan. An haƙa ta da zurfi a bayan agogon. An sake haƙa ta a maɗaurin. Ga wata ƙarama a gefe, kusa da abin murɗawa.

Na zauna a ƙasan da na goge da safe, na kira Kebbe.

"Baffa, wa yat taɓa agogon ga?"

"Ba wanda yat taɓa shi. Shina cikin adaka tun randa yaz zo, ko iska bai sha ba."

"To shaidar fa?"

"A'a, wagga ni nis sa anka yi. Ana gobe za a tafi da shi. Maƙerin azurfa na Tambuwal yay yi, kuma hannunai na da kyau, ko ba ki gani ba?"

"Don mi, Baffa? Don girman Allah, don mi?"

"Ke, wace irin tambaya ta wagga? Dukiya ta bi hanya har Dubai, hannun wani, ba shaida? In anka musanya mini da na jabu fa? Ko buhun gero ba a aza shi mota sai da shaida."

"Wuri uku!"

"Don in an kankare ɗaya, biyu na nan."

Na hana sawa, na hana wankewa, na hana buɗewa. Wa zai zauna ya yi tunanin cewa kada a yi wa agogo shaidar shanu? Abin da ya fi ƙona mini rai, ban iya cewa wauta ce ba. A Kebbe duk mai hankali haka zai yi. Kayan da ba shaida kayan kowa ne.

Haji Karim ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani kamar mai gaisuwar mutuwa. Masu sayen irin wannan suna son sa kamar hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. In an kankare, ƙarfen ya rage, madubi zai nuna. In an canza sassan, kuɗi ne masu yawa, kuma ya tashi daga yadda ya fito. Ya faɗi abin da zai iya biya, ya ce kada in yarda da shi, in zagaya in ji bakin wasu.

Na zagaya. Wani ya ce ko sata aka yi aka goge lamba. Wani ya kira abokan aikinsa suka taru suna dariya, ya ɗauki hoto da wayarsa. Na fizge abina na ce masa ya je ya ɗauki hoton uwarsa, da Hausa na faɗa, amma ya gane. Duk cikinsu ba wanda ya kai tayin Haji Karim. Kuɗin shanu huɗu, in ba manya ba.

"Cuta ta," in ji Baffa da na faɗa masa. "Sun ga baƙuwa. Yaushe shaida tar rage wa saniya kuɗi kasuwa? A maido mini abina."

"Baffa, ko fuɗun ne a karɓa. Inna ta samu nata."

"A maido mini abina, nic ce."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya ɗauki gadon marainiya ya kai wa maƙeri ya huda. Na ce abubuwa da yawa. Ya kashe wayar. Alhaji Nasiru ya naɗe agogon cikin ƙyallensa uku ya mayar da shi Kebbe, yana can cikin adaka har yau.

Na tafi wurin Hajja Batul. Tana yanka albasa, ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba.

"Yanzu mi za ki yi?"

"Kuɗin makarantata za su saya wa Inna shanu biyu. In ƙara shekara biyu nan, in sake tarawa."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Kakana ma shekara biyu ya ce wa mutanen gida."

"Ni ba kakanki ba ce, Hajja."

"Allah ya sa," in ji ta. Ta tura mini tire da wuƙa ta biyu.

Na sabunta kwantiragi. Na kwashe kayan jakar na mayar da ita ƙarƙashin gado. Kuɗin kuwa ban aika wa Baffa ba, na aika wa Kawu Manu, ƙanen Inna. Ranar kasuwar Tambuwal ya ɗauke ta a babur har kara, ya kira ni ina tsakiyar goge gilas. Hayaniya ta cika wayar, dillalai, babura, kukan shanu. Ya ce an samu biyu, ɗaya da ciki. Ya miƙa mata wayar.

"Luba, ja ta da fara. Jar ta faye kallon mutane, kamar ke." Tana dariya. "Yaushe kika tahowa ki gan su?"

"Ba bana ba, Inna. Ba baɗi ba."

Na ji numfashinta, na ji wata saniya ta yi kuka kusa da ita.

"Karatun fa?"

"Shina nan, bai gudu. Inna, ki saurare ni. Gidan Kawu za a ɗaure su."

"To. Amma Baffanki zai ce a kawo a sa musu shaida. Ba a barin dabba hakanan."

"A sa musu. Amma ba ta gidan ba. Taki."

"Ni ina ni ga shaida? Mace na da shaida?"

"Yau kina da ita. Ki zana abin da kinka ga dama, Kawu shi kai wa maƙeri."

Na ji tana maimaita wa Kawu, na ji ya fashe da dariya yana cewa to ga ƙasa ga tsinke. Aka ɗan jima. Haji Karim yana kirana, baƙi sun shigo, shayi ake jira. Ban motsa ba.

"Na yi," in ji Inna.

"Mi kinka zana?"

"Ludayi."